Darasi na 9: A Gwada Waya Kafin a Yi Filasta

Duk wanda ya taɓa gini ya san cewa da zarar birkila ya shafe bango da siminti, abin da ke ciki ya shiga ke nan. Idan waya ta tsinke a cikin bututu, gyaranta sai an fasa bango, a sake sayen siminti, a sake biyan ma'aikata. Na ga gidan da aka gama fenti, aka shimfiɗa tayil, ranar tarewa aka kunna talabijin ta ƙi kawo hoto. Ashe ƙusa ce ta huda wayar dish a bayan bangon falo. Gwajin minti biyar da ya tsare wannan asara.

Wayoyi iri biyu za mu duba. Akwai wayar intanet, wadda za ku ga an rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinta. Akwai kuma wayar dish, baƙa ko fara, mai ɗan kauri, an rubuta mata RG6. Ku karanta rubutun da kanku kafin ku biya kuɗi.

Idan aka feɗe wayar intanet, za a ga ƙananan wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowace da abokiyarta fara mai ratsi. Ku kankare ɗaya da reza. In cikinta ja ne har can, jan ƙarfe ne na gaske. In fari ya bayyana, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan tana da araha amma saurin karyewa gare ta, kuma ni ba na ba kowa shawarar ya binne ta a bango. Tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100, kuma a ba ta bututunta daban, kada a haɗa ta da wayar wuta.

Na'urar gwajin, masu wayarin suna ce mata testa. Gida biyu ce, babba da ƙarama, tana aiki da batir mai bolt 9. A sa babbar a bakin wayar da ke wurin rawuta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ƙaramar a ɗaya bakin da ke cikin ɗaki. Kowace tana da fitilu masu lamba daga 1 zuwa 8. Ku tsaya a wurin ƙaramar, wani ya tsaya a wurin babbar, ku riƙa ƙirga da ƙarfi tare: ɗaya, biyu, uku, har takwas. In fitilun sun kama bi da bi, wayar lafiya lau. In lamba 5 ta ƙi kamawa, wannan wayar ta tsinke ko ba a matse kanta da kyau ba. In wancan ya ce uku, ku kuma kuka ga 6, an sauya wa wayoyi wuri.

A nan ne ake yawan ruɗin mai gida. Mai aiki zai jona kwamfuta, intanet ta kawo, ya ce, "Alhaji, ga shi tana yi." To, wayoyi 4 kacal sun isa ta kawo, amma gudunta ba zai wuce megabit 100 ba. Cikakken gudu na megabit 1,000 sai duk takwas ɗin suna aiki. Ku ce masa cikin mutunci, "Malam, a sa testa mu gani tare."

Wayar dish kuwa mita ake sa mata, wato na'urar auna wutar lantarki mai bakin gwaji biyu. A tsakiyar wayar akwai sili guda, a zagaye da shi akwai saƙa kamar raga. Da farko a cire dikoda da komai, a juya mitar zuwa wurin da take yin ƙara. A ɗora baki ɗaya a kan silin, ɗaya a kan saƙar. Bai kamata ta yi ƙara ba. In ta yi, silin da saƙar sun haɗu, sau da yawa gashi ɗaya ne na saƙar ya lanƙwasa ya taɓa silin. Sannan a haɗa silin da saƙar a can ɗaya bakin da guntuwar waya, a sake gwadawa. Yanzu kam ana son ƙarar, domin ita ke nuna wayar ba ta tsinke a hanya ba. Kada a manta a cire guntuwar.

A yi gwajin sau biyu: kafin filasta, da kuma bayan an gama buga silin ɗin ɗaki, don masu buga ƙusa ba sa ganin abin da ke bayan katako.

Aikin gida: ku yanka takardu ƙanana, ku rubuta "Falo 1", "Ɗakin Uwargida 2", "Ɗakin Yara 3", kowanne sau biyu. Ku manna su da salatif a bakin kowace waya, nan da can. Ku kwafi sunayen a littafinku, ku sa alama a gaban duk wadda fitilunta takwas suka kama, ku zo da littafin aji mu karanta tare.