Malamin da ke son sauya aiki: yadda ake haɗa kundin shaidar aiki a intanet

Malamin makaranta da ya yi shekara takwas ko goma da alli a hannu, in ya tashi neman aikin proje ko na ONG a Tahoua, dosiyen da yake kaiwa kusan ɗaya ne da na kowa: CV, wasiƙar neman aiki, kofin CFEEN (takardar kammala makarantar horon malamai) ko na Bac da aka buga wa hatimi, sai katin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Mai tantancewa yana da tarin irinsu a gabansa, kuma duk abu ɗaya suke faɗa, wato "na koyar". Abin da yake son sani daban ne: shin mutumin nan ya iya jan ragamar taron manya, ya iya rubuta rahoto, ya iya riƙon lissafi? Amfanin kundin intanet ke nan. Wuri ne guda da za a latsa a ga aikin da idanu, gani kuwa ya kori ji. Ba ya maye gurbin dosiye, rakiya yake yi masa.

Kada ka fara da buɗe akwatin takardunka. Fara da sanarwar ɗaukar ma'aikata. Tara biyar ko shida na irin aikin da kake nema, daga allon ANPE ko waɗanda ake yaɗawa a WhatsApp, ka ja layi ƙarƙashin abin da suke ta maimaitawa. Mai wayar da kan jama'a a karkara, mai horar da manya, mai tattara bayanai, mai bin diddigin ayyukan proje, kowanne da abin da ake nema gare shi. Zaɓi hanya ɗaya. Kundin da aka ce zai dace da kowane aiki yakan tashi bai dace da ko ɗaya ba.

Daga nan sai akwati. Yawancin malamai hannunsu na fara kaiwa ga takardun shirin darasi, alhali su ne mafi ƙarancin daraja a wajen wanda ba aji zai ba ka ba. Ɗaya mai kyau ta isa. Abin da ke da nauyi shi ne ayyukan gefe da malami bai ma ɗauke su aiki ba. In ka taɓa zama sakataren CGDES, wato kwamitin kula da tafiyar da makaranta, ko kana darakta ka rubuta tsarin ayyukan shekara tare da iyayen yara, wannan takarda tana ɗauke da kasafi, da jadawali, da sunan wanda zai yi kaza a wata kaza, kuma abin da ma'aikatan proje ke yi kullum ke nan. Rahoton zaman taro da ƙungiyar iyaye mata ta AME yana nuna ka iya zama da jama'a. Darasin da ka gabatar wa ƴan uwanka malamai a zaman CAPED, taron ƙara wa juna sani na malamai, shaida ce ta horar da manya. Makarantar da ke da kantin, littafin shiga da fitar buhunan abinci shaidar riƙon sito ce. Rajistar kiran suna ma, in ka juye ta cikin Excel ko Google Sheets ka fitar da zanen da ke nuna yadda zuwan yara ke raguwa lokacin girbi ko ranar kasuwa, ta zama aikin nazarin bayanai. Wanda ya riƙe ajin passerelle na yaran da suka wuce shekarun shiga makaranta, shi kam ya sa wannan a sahun gaba. Shaida biyar zuwa bakwai sun wadatar.

Kowace shaida tana buƙatar rabin shafi na bayani a gabanta, kuma nan ne kundi ke tsayawa ko ya faɗi. Faɗi matsalar da aka tarar, abin da kai da kanka ka yi, da waɗanda ka yi aikin tare da su, da abin da ya biyo baya. Misali, maimakon "na taimaka wajen karatun ƴan mata", a rubuta kamar haka: "Ƴan mata 14 sun daina zuwa aji bayan hutun farko. Na fitar da sunayensu daga rajista, muka bi gida gida da shugabar AME cikin mako uku, 9 suka dawo. Ga rahoton taron da jadawalin zuwansu." Lambobin su zama naka na gaskiya, waɗanda sufeto ko tsohon daraktanka zai iya tabbatarwa in an kira shi. Kada ka ji kunyar biyar ɗin da ba su dawo ba, mai tantancewa ya fi yarda da rahoton da bai cika ɗari bisa ɗari ba.

Ɗaukar hoton takarda yana da ƙa'ida. Shimfiɗa ta a kan tabarma ko tebur mai duhu, a inuwa da safe, ba cikin tsakar rana ba kuma ba da fitilar waya ba, don farar takarda tana mayar da haske rubutun biro ya ɓace. Goge gilashin kyamara, musamman lokacin hunturu da ƙura. Yi amfani da "Numériser" na cikin Google Drive, zai yanke gefe ya haɗa shafuka su zama PDF ɗaya. Hoton waya kai tsaye yakan ci mega uku zuwa biyar, shafin da aka ɗauka baƙi da fari kuwa bai kai rabin mega ba. Ka yi ƙoƙari kowane fayil ya tsaya ƙasa da mega biyu, domin wanda zai buɗe yana iya kasancewa a Abalak ko Tchintabaraden inda rezo ke zuwa yana tafiya. In wani zai turo maka takarda ta WhatsApp, ya turo ta a matsayin "Document", in ba haka ba za a matse hoton ƙananan haruffa su dushe. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki da shekararsa, ba IMG da jerin lambobi ba.

Sunayen yara, makinsu da fuskokinsu ba su shiga kundi. A rufe su da takarda tun kafin ɗaukar hoto. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ban da doka ma, ƙungiyoyin da ke aiki da yara suna lura da wannan sosai, kuma hoton aji fuska a buɗe yana iya kayar da kai. In sai da hoto, a ɗauka daga bayan aji. Haka nan takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa da ta kotu, wurinsu ambulan, ba intanet ba.

Wurin ajiya mafi sauƙi shi ne Google Drive, mai ba da giga 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna ke ci daga ciki. Buɗe adireshin Gmail mai ɗauke da sunanka na takarda, ba laƙabin fada ba. Yi jaka ɗaya, ka sa shafin gabatarwa a farko: sunanka, aikin da kake nema, layi huɗu game da kai, sai jerin shaidun. Mai son ya ƙawata yana iya yin Google Sites, amma gyaransa sai da kwamfuta, don haka a shirya komai a waya sannan a je sibar a gama a zama ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin izinin buɗe jakar a kan "Limité". Kai kana buɗewa lafiya lau saboda kana cikin asusunka, mai tantancewa kuma sai ya tarar da saƙon neman izini, ya wuce na gaba. Sauya ta yadda duk mai adireshin zai iya gani, a matsayin "Lecteur" kawai don kada a goge maka kaya. Gwada a wayar wani, da rezon waya ba wifi ba. Bidiyo, in akwai, kada ya wuce minti biyu, a ɗora shi a YouTube a matsayin "Non répertoriée".

Inda ka ga giɓi, cike shi da aikin gwaji, ka kuma rubuta cewa gwaji ne. Sanarwa da yawa suna neman wanda ya iya KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya mai aiki da shafin KoboToolbox. Buɗe asusun KoboToolbox kyauta, tsara tambayoyi goma, ka cika su da mutum ashirin da suka yarda, ka fitar da sakamakon a shafi ɗaya. Wannan ya fi rubuta "na iya Kobo" a CV nesa ba kusa ba.

Bayanin kundin a yi shi da Faransanci, tunda da shi ake fitar da akasarin sanarwa, a ba wani ya duba kurakurai, don malami ba a yafe masa kuskuren rubutu. Amma a sa shaida ɗaya da Hausa, ko da Tamajaq ga wanda ya iya, kamar takardar wayar da kai ko murya ta minti ɗaya. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, aikin karkara kuma dama da harshen mutane ake yin sa.

Adireshin Drive dogo ne, ba mai kwafe shi da hannu daga takarda. A CV na PDF sa shi ya zama abin latsawa ƙarƙashin lambar wayarka, a wanda za a buga kuma manna lambar QR mai faɗin santimita biyu da rabi, ka gwada ta bayan an buga, domin fotokofi mai dusashen tawada yana kashe ta. Haɗa duka kundin cikin PDF ɗaya ka ajiye a kile USB da cikin waya, ka tafi da shi ranar ganawa ko da wuta ko rezo sun ɗauke. Layin wayar da ka ɗaura wa asusun kada ka bari ya mutu, ta nan ake dawo da kalmar sirri. Malamin da ke da matirikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, kuwa, kafin ya sa hannu a kwantaragin wata shida na proje, ya fara zuwa ofishin kula da ma'aikata na hukumar ilimi ta jiha ya tambayi sharuɗɗan disponibilité, wato izinin dakatar da aikin gwamnati na ɗan lokaci, a rubuce, domin barin aji ba tare da takarda ba ana lissafa shi gudun aiki.