Yadda Za Ka Gyara Word Idan Yana Yawan Rufe Kansa

Kana tsakiyar rubutu, ka kai shafi na 40 a kundin kammala karatunka, sai allon ya yi fari-fari, kibiyar linzami ta koma zobe tana juyawa, can sama ka ga an rubuta Not Responding. Kafin ka ankara Word ya rufe kansa. Ka sake buɗewa, ya sake yi. Daga nan abin da yawancinmu ke yi shi ne mu sungumi kwamfutar mu kai wa mai gyara, shi kuwa maganarsa ɗaya ce: sai an yi fomatin. Wannan shawara tana ci mini rai. Sau da dama ana share wa mutum komai saboda matsalar da gyaranta bai wuce na minti 10 ba, kuma bayan mako biyu ta dawo, tunda ba a gano tushenta ba.

Tushen nan ba ya wuce wuri uku: ko fayil ɗin da kake aiki a kai ne ya lalace, ko Word ɗin da abubuwan da aka liƙa masa, ko kuwa ita kwamfutar. Aikinka shi ne ka gano wanne ne kafin ka goge ko da abu ɗaya. Bayanin da zan yi na Microsoft Word ne a kan Windows, daga na 2010 zuwa yau.

Mataki na 1: Fara da ceto rubutunka

Kafin kowane gyara, kwafi fayil ɗin ka ajiye a wani wuri dabam, duk gwajin da za ka yi ka yi shi a kan kwafin. Idan kuma Word ya rufe ba ka riga ka adana ba, kada ka karaya. Yana ajiye kwafin gaggawa da kansa duk bayan minti 10, kuma galibi da ka sake buɗe shi zai nuna maka su a gefen hagu. In bai nuna ba, shiga File, ka zaɓi Info, sai Manage Document, sannan Recover Unsaved Documents. A Word na 2010 da na 2013 sunan madannin Manage Versions ne. Abin da ka samu a nan ka adana shi nan take da sabon suna, domin kwana 4 kawai yake yi a wurin.

Mataki na 2: Fayil ne ko Word ne?

Buɗe sabon shafi fari, ka yi rubutu na ɗan lokaci. Buɗe wasu tsofaffin fayiloli biyu ko uku. Idan duk suna lafiya, fayil ɗaya ne kaɗai ke kayar da Word, to ka tsallaka zuwa mataki na 6. Idan kuwa ko me ka buɗe sai ya rufe, ko ma tun bai gama buɗewa ba yake mutuwa, ci gaba da karatu.

A nan zan tambaye ka: daga ina kake buɗe fayil ɗin? In kai tsaye daga filash ne, ka daina daga yau. Word yana rubuta ƙananan fayiloli na wucin gadi a cikin foldar da aikinka yake, to da filash ɗin ya ɗan motsa a raminsa, ko ya tsufa, sai rubutun ya yanke a tsakiya, Word ya daskare. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu biyar a bakin makaranta kuwa, da wuya ya dawo babu bayiros. Kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta, ka yi aikinka, in ka gama ka mayar.

Mataki na 3: Buɗe Word a Safe Mode

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani. Danne madannin Ctrl, ka riƙe, ka buɗe Word. Zai tambaye ka ko kana so ya tashi a Safe Mode, ka amsa Yes. Wata hanyar ita ce ka danna madannin Windows tare da R, ka rubuta winword /safe a ɗan akwatin da ya fito, ka danna Enter. Ka lura da tazarar da ke tsakanin winword da alamar / ɗin nan.

A wannan yanayi Word yana tashi ne zigidir, ba ya ɗauko ƙarin kayan da aka liƙa masa. Idan ya zauna lafiya a haka, ka yi hamdala: Word ɗinka ƙalau yake, wani baƙo ne ke kayar da shi, mataki na 4 zai tona shi. Idan ko a Safe Mode ma yana rufewa, wuce zuwa na 5.

Mataki na 4: Baƙin da ke cikin gida

Akwai ƙananan manhajoji da ke shiga cikin Word su zauna, wasu da saninka, wasu ba da saninka ba. Manhajar mayar da takarda PDF, mai gyaran nahawun Turanci, mai tsara jerin manazarta irin su Mendeley da EndNote waɗanda ɗaliban digiri na biyu ke amfani da su, har da wasu manhajojin kashe bayiros. Ba wai munana ba ne. Matsalar ita ce idan aka sabunta Word su ba a sabunta su ba, sai su riƙa karo da juna.

Shiga File, sai Options, sai Add-ins. A can ƙasa inda aka rubuta Manage, zaɓi COM Add-ins ka danna Go. Cire alamar da ke gaban kowanne, ka rufe Word, ka buɗe shi yadda ka saba. In ya daina rufewa, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana rufewa kana buɗewa bayan kowanne. Wanda ka mayar cutar ta dawo, shi ne mai laifi; ka nemi sabonsa ko ka rabu da shi. Na san aikin da gundura, amma kada ka mayar da su gaba ɗaya, domin ba za ka taɓa sanin wanene ba.

Idan ba su ba ne, saura Normal.dotm. Wannan fayil shi ne ƙirar da Word ke yanko kowane sabon shafi daga cikinta: irin harafi, girmansa, faɗin gefen takarda. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta shi, yana iya lalacewa, daga nan kuma duk sabon shafi sai ya gaji lalacewar. Rufe Word gaba ɗaya. Danna Windows da R, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Templates, ka danna Enter. Za ka ga fayil mai suna Normal. Kada ka goge shi, sauya masa suna kawai, ka kira shi NormalTsoho. Da ka buɗe Word zai ƙera sabo da kansa. Abin da za ka rasa shi ne saitin da ka yi da hannunka, kamar irin harafin da ka zaɓa, kuma tsohon na nan in kana so ka mayar.

Mataki na 5: Firinta, wadda ba a zarginta

Mutane suna mamaki idan na ce firinta na iya kayar da Word, ko da ba ka buga komai ba. Dalilin shi ne Word yana tuntuɓar direban firintar da aka saita a matsayin ta farko, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da firintar, don ya san yadda zai shimfiɗa shafi. Idan direban ya lalace, ko firintar ta ofis ce da ake haɗuwa da ita ta hanyar sadarwa kai kuma kana gida, Word zai tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Na taɓa ɓata yini guda a kan kwamfutar wata ƙanwata, na cire Office, wato rukunin manhajojin da Word ke ciki, na sake sakawa, matsalar na nan daram. Ashe direban firintar wani shago aka saka mata ranar da ta je buga takardunta, ya zauna a matsayin na farko. Da na sauya shi, ko minti 2 ba a yi ba komai ya daidaita.

Shiga Control Panel, ka buɗe Devices and Printers. A Windows 10 da 11 akwai wata firinta ta cikin kwamfuta mai suna Microsoft Print to PDF. Danna ta da madannin dama na linzami, ka zaɓi Set as default printer. In Word ya warke, cire direban waccan firintar ka sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Akwai kuma wani saiti da ya shafi hoton allo, musamman a tsofaffin kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su. A Word na 2013 da 2016, shiga File, Options, Advanced, ka gangara zuwa Display, ka sa alama a Disable hardware graphics acceleration. A sababbin Word an cire wannan zaɓi, in ba ka gan shi ba ka wuce.

Mataki na 6: Idan fayil ɗin ne ya lalace

Kada ka buɗe shi da danna sau biyu. Buɗe Word tukuna, ka shiga File, Open, Browse, ka danna fayil ɗin sau ɗaya. Kusa da madannin Open akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa. Danna ta ka zaɓi Open and Repair. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

In ya buɗu amma yana rufewa bayan ɗan lokaci, ga dabarar da na fi yarda da ita. Kunna alamar ¶ da ke cikin Home don ka ga ƙarshen kowane sakin layi. Kwafi rubutun duka, amma ka bar alamar ¶ ta ƙarshe ɗin nan, ka liƙa a sabon shafi. A cikin wannan alama ta ƙarshe Word ke ɓoye bayanan tsarin takardar, kuma lalacewar kan maƙale a wurin. Haka nan ka dubi hotuna. Wanda ya zuba hotuna 30 daga wayarsa kai tsaye cikin babi na huɗu ya ɗora wa kwamfutar kaya mai nauyi. Danna hoto ɗaya, ka nemi Compress Pictures, ka cire alamar da ta taƙaita aikin ga wannan hoton kaɗai, ya rage su duka.

In ya ƙi buɗuwa sam, gwada shi a wata manhajar. LibreOffice Writer kyauta ce kuma tana buɗe fayilolin Word, haka ma Google Docs. Su kan yi haƙuri da lalacewar da Word ba ya haƙuri da ita. In ya buɗu a can, ka adana shi da sabon suna. Makami na ƙarshe shi ne Recover Text from Any File, wanda za ka samu a jerin nau'in fayil cikin akwatin Open. Zai ciro maka kalmominka, amma hotuna da tsari sun tafi.

Mataki na 7: Gyaran Office ɗin kansa

Sai yanzu muka iso nan. Shiga Control Panel, Programs and Features, ka danna Microsoft Office, ka zaɓi Change. A sababbin Office za ka ga zaɓi biyu. Quick Repair ba ya buƙatar intanet kuma ba ya daɗewa, da shi za ka fara. Online Repair yana sake sauko da Office ne kusan gaba ɗaya, yana cin data sosai, don haka kada ka fara shi sai kana da isasshiyar data da cajin da zai kai ka ƙarshe. Bayan haka ka sabunta: File, Account, Update Options, Update Now.

Gaskiya ɗaya kuma sai an faɗe ta. Office ɗin da ake saka wa mutane a kasuwa ba tare da lasisi ba, ana haɗa shi da wata manhajar fasa kulle, kuma manhajar kashe bayiros kan kama wani ɓangarensa ta killace, sai Word ya riƙa tangal-tangal. Irin wannan babu gyaran da zai zaunar da shi na dindindin. In kuɗin lasisi ya fi ƙarfinka, LibreOffice ya fi maka kwanciyar hankali. Ka kuma sani Microsoft ya daina fitar da gyare-gyare ga Office 2010 a Oktoban 2020, ga na 2013 a Afrilun 2023, ga na 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Mataki na 8: Tambayi kwamfutar da kanta

Windows yana rubuta tarihin duk manhajar da ta faɗi. Danna Windows da R, ka rubuta perfmon /rel. Za ka ga jadawalin kwanaki da jajayen alamu. Danna ta ranar da Word ya rufe, ka buɗe cikakken bayanin, ka nemi layin Fault Module Name ko Faulting module name. Sunan da ke wurin shi ne ɓangaren da ya yi tuntuɓe, kuma in ka bincika shi a intanet galibi za ka ga na firinta ne, na hoton allo ne, ko na wata manhaja da ka saka kwanan nan.

Idan ka ga ba Word kaɗai ke faɗuwa ba, wasu manhajojin ma suna da jajayen alamu, to ciwon na kwamfutar ne: ma'ajiyarta ta cika, ko tana ɗaukar zafi saboda ƙurar hunturu ta toshe fankarta, ko faifan ajiyarta ya fara mutuwa. A nan ne ya dace ka je wurin mai gyara, bayan ka kwashe fayilolinka, ka kuma nuna masa sunan da ka gani a wancan layin. Kafin ka tafi, shiga File, Options, Save, ka mayar da minti 10 ɗin nan na ajiyar gaggawa zuwa 2, musamman in batirinka ba ya riƙe caji idan NEPA ta ɗauke wuta.