Kurakuran da muke tafkawa da bayanan bohol, da yadda za a gyara su

Akwai wani ƙauye da muka je haƙa bohol shekarun baya, ba zan kama suna ba, irin yankin nan ne da ƙarƙashinsa dutse ne zalla. Kwana biyu inji na ruri, farar ƙura na tashi kamar ana sheƙar gero, muka wuce mita 60 babu ko danshi. Muna naɗe kaya sai wani dattijo da ya wuni a gindin darbejiya yana kallonmu ya ce, "'Ya'yana, ai da kun tambaya. Ga inda na farko suka huda can, na biyu kuma bayan masallaci, duk ƙura suka tayar suka tafi." Ya ja mu, ya ture wani falalen dutse da sandarsa, sai ga bakin rami. Tsakaninsa da namu bai kai taku 40 ba. Na ce "Baba, me ya hana ka faɗa tun shekaranjiya?" Ya ce shi wa, ga injiniyoyi da takardu. Kuɗin nan kuwa karo-karo ne mutanen gari suka haɗa bayan kaka.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi kenan, ɓoye rijiyar da ba ta ba da ruwa ba. Ɗan kwangila yana ganin abin kunya ne, mai safiyo, wanda ke auna ƙasa ya nuna inda za a haƙa, yana tsoron a ce na'urarsa ƙarya take, wanda ya ba da aikin kuma ba ya so a ji an yi asara, sai kowa ya ja bakinsa a rufe ramin a wuce. Alhali a wurare irin Kano da Zariya da yawancin Katsina ta kudu, inda ruwa ke maƙale a ruɓaɓɓen dutse na sama da tsage-tsagen da ke ƙasa, sanin inda babu ruwa daidai yake da sanin inda yake, domin tazarar 'yan mitoci kan raba mai ruwa da busasshiya. Gyaran ba wuya: busasshiyar rijiya ma a cika mata takarda kamar mai ruwa, wurinta, zurfinta, a mita nawa aka taɓa dutse mai tauri. Kuma masu ba da kwangila su daina tsarin "babu ruwa babu biya" ba tare da wani tanadi ba, don shi ke koya wa mahaƙa ƙarya. A ware wani abu da za a biya idan an kawo cikakken rahoton ramin da ya bushe, za ku ga rahotanni sun fara fitowa.

Sai maganar wuri. Kai ka duba tsofaffin fayiloli ka sha mamaki, an rubuta "bohol na Sabon Gari" ko "Tudun Wada kusa da firamare", shi kenan. Sabon Gari nawa ne a ƙasar Hausa, Tudun Wada nawa? Yanzu da kowa ke da waya mai GPS babu uzuri, amma nan ma akwai tarko. Wani zai karanta digiri 11 da minti 30, ya zo kan kwamfuta ya buga 11.30, alhali daidai ɗinsa 11.50 ne tunda minti 60 ke yin digiri guda. Wannan ɗan kuskuren kaɗai ya ɗauke rijiyar ya kai ta wajen kilomita 22 daga inda take, wata ƙaramar hukumar daban. Wani kuma ya juya lambobin, na arewa ya koma gurbin na gabas. A saita wayar ta riƙa ba da digiri mai ɗigo kawai, lamba biyar bayan ɗigon, a tsaya a kan bakin rijiyar ba a cikin mota ba, sannan kafin a bar wurin a buɗe taswira a ga ɗigon ya faɗa inda ake tsaye. Idan daga tsohuwar taswirar safiyo ta Najeriya aka kwafo lambar to a rubuta hakan, saboda ma'aunin Minna da aka yi su da shi bai zo daidai da na waya ba.

Ƙafa da mita kuma kullum sai an yi wannan rigimar. Mai gida zai ce maka nasa 150 ne, maƙwabcinsa ya ce ai nasa 50 kacal ya samu ruwa, a yi ta zargin an cuci wani, ashe ɗaya ƙafa yake nufi ɗaya mita, kuma ƙafa 150 bai ma cika mita 46 ba. Mafi muni masu lissafi da fayif, "mun sa fayif goma sha biyu", to fayif ɗin wane inji? Akwai na mita 3, akwai na mita 6. Kowace lamba a rubuta ma'auninta a gefe, ko da kana ganin kowa ya sani.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan wanda ni a ganina ya fi muhimmanci kuma aka fi watsi da shi, wato awon zurfin ruwa a kai a kai. Mu dai ranar da aka gama haƙa ake zura tef sau ɗaya a rubuta, daga nan har abada babu mai sake dubawa sai ranar da samo, famfon nan da ake zurawa cikin rijiya, ya fara jan iska ya ƙone. To lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai. Ruwan ƙasa yana hawa yana sauka da shekara, bayan damina wajen Satumba da Oktoba yana sama, ƙarshen rani wajen Afrilu da Mayu ya yi ƙasa, don haka awon da babu kwanan wata a jikinsa kusan banza ne. Haka wanda aka yi ana cikin jan ruwa ko an kashe janareta yanzu-yanzu, wannan ba matsayin ruwan ba ne na gaskiya, ruwan bai gama dawowa ba. A auna da sassafe kafin 'yan garuwa su fara layi, daga wuri ɗaya kullum, a yi ɗan zane da fenti a bakin kesin, wato bututun da aka jera a ramin, a ce daga nan ake farawa, sau ɗaya a wata ya isa. Idan babu na'urar nan mai ƙara in ta taɓa ruwa, tef da ɗan guntun ƙarfe mai rami a ƙasa ya wadatar, kana jin "ɓul" ka san ka iso. Wani abu kuma, masu sa samo su daina toshe bakin rijiya ruf, a bar ɗan siririn bututu da murfi inda za a riƙa zura tef.

Me ya sa nake nacewa? Dubi Borno. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi masu zurfi a yankin tafkin Chadi da ruwa ke tsirgowa da kansa ba famfo ba inji, aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana, makiyaya na murna, a hankali ƙarfin ya yi ta raguwa har wasu suka daina fitowa sam. A ɗaya gefen kuma, kewayen Yamai a Nijar, awon rijiyoyi na shekara da shekaru ya nuna ruwan ƙasa hawa ya yi da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, saboda sare daji da faɗaɗa gonaki sun sa ruwan sama na gangarawa tafkuna da yawa daga nan ya tsiyaya ƙasa. Wa zai yi hasashen haka da ka? Wasu ne suka yi ta zura igiya suna rubutawa, na bayansu suka samu littafin.

Ƙarfin rijiya ma ana yi masa ƙarya ba da niyya ba. Lokacin da kwamfuresa ke hura ramin ruwa na feshi sama, yara na ihu, mata na guɗa, sai mahaƙi ya ce "Alhaji wannan ai kogi ne", a rubuta ruwa mai yawa. Yawa nawa? A sa famfo a ja na awanni, a ɗauki jarka mai lita 25 da agogon waya, in ta cika cikin daƙiƙa 50 to rabin lita ne a daƙiƙa, lita 1,800 a awa. A rubuta nawa ruwan ya sauka lokacin ja, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo bayan an kashe. Da wannan ne mai sola zai san girman samon da zai sa, ba ya ɗora wanda ya fi ƙarfin rijiyar ba, a yi wata uku a ce bohol ya lalace.

Gwajin ingancin ruwa kuwa ko dai ba a yi, ko a yi a jefa sakamakon a durowa. Ruwa ya fito garau ba wari ba ɗanɗano ba shi ne lafiyarsa ba. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun ga wannan da idonsu, ruwan rijiya mai zurfi da aka haɗa wa garin a shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, aka yi shekaru ana sha, sai da ɗaruruwan yara suka taso da karkatattun ƙafafu da haƙora masu tsatsa kafin a farga. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ne a lita. A Kaltungo ta Gombe da Langtang ta Filato ma an san matsalar haƙoran nan. Cikin birane kuma namu ciwon daban ne, bohol da masai katanga ɗaya ce tsakaninsu. Duk wanda ya yi gwaji ya ga abu, maƙwabta su ne farkon waɗanda ke da haƙƙin ji, tunda ruwa ɗaya kuke sha a ƙasa ko da kowa da tankinsa a sama.

To a ce an rubuta komai daidai, ina ake ajiyewa? Nan ma wani abin haushin. An ɗauki hoton takardar a karkace, an tura guruf na WhatsApp, hoton ya dushe lambobi ba sa karantuwa, bayan wata shida waya ta faɗa ruwa ko an sace. Ko kuma duk bayanan aikin ƙungiya guda na cikin laftof ɗin ma'aikaci ɗaya, aikin ya ƙare ya tafi da abinsa. Na taɓa zuwa wani ofis neman rahoton rijiyoyin da aka haƙa a wata gunduma, aka buɗe mini sito, gara ta riga ni. Ni shawarata kwafi uku: ɗaya a hannun kwamitin ruwa na unguwa ko mai unguwa, cikin leda, ɗaya sashen ruwa na ƙaramar hukuma ko RUWASSA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ɗaya kuma a buga a Excel, layi ɗaya rijiya ɗaya, a ajiye a intanet inda aƙalla mutum biyu ke da mabuɗi. A ba kowace rijiya lamba a zana ta a jikin siminti tun yana ɗanye. In za a yaɗa wa duniya a cire sunan mai gida da lambar wayarsa, mai bincike ba ya buƙatarsu. Akwai masu karɓa in an kai: NIHSA ita ke da alhakin tattara bayanan ruwa a Najeriya, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando Kaduna, ga AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta yankin Sahel, a Yamai, a duniya kuma IGRAC da ke Delft ta ƙasar Holan na tara awon ruwan ƙasa daga ƙasashe.

Na san abin da mahaƙa za su ce, "ilimin nan shi ne jarina, in na bayar wani ya ƙwace mini kasuwa." Na fahimta, amma Malam, littafinka na rijiya 200 ne, na garin gaba ɗaya dubbai ne, kai ma in an haɗa za ka daina ƙona dizal a inda wani ya riga ya sha kashi. Abin da ya kamata hukuma ta yi shi ne wanda ya kawo nasa a buɗe masa na kowa, ba a karɓa a kulle ba, in ya dawo nema a ce ya rubuto wasiƙa ya jira oga.

Kan iyaka ma haka. Gulbin Maraɗi daga Katsina ya taso ya shiga Nijar ya sake dawowa ya faɗa Rima, ruwan ƙasan Sakkwato da Kebbi kuma shimfiɗa ɗaya ce da ta Tawa da Dosso har Mali, wadda masana ke kira Iullemeden. Haɗin kan ƙasashe kan ruwa ba sabon abu ba ne, Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 take. Amma mai fadama a Jibiya da mai garka a Madarunfa, masu yare ɗaya, ba wanda ya san awon ɗan'uwansa, rahoton wannan da Turanci na wancan da Faransanci, mu muna cewa bohol su suna cewa foraj. Fom ɗaya mai shafi guda da Hausa, mita da kwanan wata da lambar GPS, zai yi aiki a ɓangarorin biyu.

Ƙauyen can kuwa mun koma bayan sallah. Wannan karon kafin mu sauke ko waya ɗaya ta safiyo sai da muka zauna da dattijon da masu haƙar rijiyar gargajiya biyu, suka zana mana a ƙasa inda rijiyoyin hannu ke kaiwa Mayu da ruwa da inda ke ƙafewa tun Fabrairu. Layi ɗaya suka bi, gefen wani tsohon kwari da ya cike. Can muka auna, can muka huda, ruwa ya zo a mita 34. Ramukan nan uku busassu ma na ɗauki lambarsu na sa a takardar, kwafi ɗaya yana hannun limamin garin cikin ledar burodi.