Abin da za a yi idan hawainiyar da ake kiwo ta daina cin abinci

Idan hawainiya ta kau da kai daga abinci, yawanci ba a bakinta matsalar take ba, a kejinta take. Zafi, ruwa da haske su ne ke buɗe mata ciki, kuma da ɗayansu ya samu tangarɗa ci ne abu na farko da take bari. Don haka kada a yi gaggawar buɗe mata baki a ɗura mata abinci. A bi abin daki-daki.

Da farko a tabbatar ko da gaske akwai matsala. Ƙaramar hawainiya da ba ta wuce wata 6 ba kullum take ci, ƙananan ƙwari 10 zuwa 15, kuma in ta yi kwana 2 ko 3 ba ta taɓa komai ba abin damuwa ne, domin ba ta da ajiyar kitse. Babba kuwa ƙwari 3 zuwa 5 sun ishe ta, a ba ta yau a tsallake gobe. Mutane da yawa suna ci gaba da ciyar da babba kamar yadda suka saba tun tana ƙarama, sai ta ƙoshi ta yi ƙiba ta fara ƙin ci, su ɗauka ciwo ne. Babba mai ƙoshin lafiya tana iya yin mako guda ba ci, ba abin da zai same ta, muddin idanunta a buɗe suke suna juyawa, riƙonta da ƙarfi, nauyinta kuma bai ragu ba. A samu ƙaramin sikeli mai auna giram, a ɗora ta a kan ɗan reshe a auna sau ɗaya a mako, a rubuta. In ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, an wuce batun jira.

Zafi shi ne abin da ya fi yawan jawo wannan matsala. Hawainiya ba ta ɗumama jikinta da kanta, kuma abinci ba ya narkewa a cikinta sai ta sha ɗumi. A ɗora ma'aunin zafi daidai kan reshen da take shan ɗumi, a tsayin bayanta, ba a jikin bangon keji ba. Hawainiya mai tozo a ka, wadda asalinta Yaman da Saudiyya ne, da mai launuka ta Madagaska, suna son wurin ya kai digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyas, sauran kejin kuma ya tsaya tsakanin 22 da 27. Mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ba ta jure wannan, digiri 27 zuwa 29 ya ishe ta, kuma lallai ne dare ya yi mata sanyi sosai. Dabbar da kanta tana faɗin halin da take ciki. In ta yi duhu, ta baje jikinta ƙarƙashin fitila tun safe har yamma, sanyi take ji. In launinta ya koɗe, ta sauko ƙasa tana hangame baki, zafi ya yi yawa. Da dare a kashe kowace fitila, har da ja ɗin da ake sayarwa da sunan fitilar dare. Hawainiya tana bukatar duhu na awa 12, kuma wadda ba ta samu barci ba ba za ta yi farauta ba.

Sai ruwa. Hawainiya ba ta cika gane ruwan da ke kwance a kwano ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa. A fesa wa ganyayen kejin ruwa safe da yamma, kowane karo minti 2 zuwa 3 ko fiye, domin takan ɗauki lokaci kafin ta fara motsa baki ta sha, kuma in an tsaya da wuri an yi aikin banza. Da rana a ɗora wani ɗan mazubi mai ƙaramar huda a saman keji, ya riƙa ɗiga a kan ganye a hankali. Hanyar gane ko tana samun ruwa tana cikin kashinta: akwai wani farin abu da ke fita tare da shi, wanda shi ne fitsarinta. In fari ne tas, ko da ɗan rawaya a gefe ɗaya, lafiya lau. In ya koma ruwan lemo gaba ɗaya kuma ya bushe, ƙishirwa ta kama ta. Idanun da suka faɗa ciki alama ce cewa abin ya yi nisa. Hawainiya mai ƙishirwa ba ta ci, kuma ciyar da ita a wannan hali yana ƙara wa ƙodarta nauyi, shi ya sa ruwa yake gaba da abinci.

Matsalar haske ta fi sauran ɓuya, domin a hankali take cin dabbar. Ban da fitilar ɗumi, tana bukatar doguwar fitila mai ba da hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da idon mutum ba ya gani, irin wadda ake kira T5 mai ƙarfin kashi 5 ko 6 cikin 100, a nisan kamar santimita 20 zuwa 30 daga reshen shan ɗumi. Da wannan haske ne fatarta ke samar da bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke karɓar kalsiyam. Gilashi da roba suna tare hasken UVB, saboda haka ajiye keji a bayan tagar gilashi ba ya amfana mata komai. Fitilar kuma tana daina ba da UVB alhali tana ci gaba da haskawa, don haka a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, a rubuta ranar da aka sa ta a jikinta. In kalsiyam ya yi ƙaranci ƙashi yana laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya kasa tauna, harshe kuma ya daina kai wa nesa. Za a ga ta auna ƙwaro da idanu biyu, ta harbo harshe, ya faɗi a rabin hanya. Irin wannan ba ƙin ci take yi ba, kasawa take yi, kuma bayan ta gwada ta gaji sai ta haƙura. A riƙa barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam marar D3 kusan kowane ci, sama-sama, kada su yi fari fat. Mai D3 da haɗin bitamin mai ɗauke da bitamin A kuwa sau 2 a wata ya isa, domin yawansu ma cuta ne.

In waɗannan ukun sun daidaita, a duba abincin. Ƙwaron kada ya fi faɗin tsakanin idanunta girma. Hawainiyar da aka yi watanni ana ba ta gyare kaɗai takan gaji da shi ta yi yaji. A sauya mata da fara, ko kyankyason kiwo, ko tsutsar siliki, ko ƙuda, domin abu kore ko mai tashi yana tayar mata da sha'awar farauta. Amma a yi hattara da tsutsotsi masu kitse, in ta saba da su sai ta ƙi komai. Su ma ƙwarin a ciyar da su ganye da karas na kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ta. Kada a kamo ƙwari daga inda aka yi feshin magani, kuma ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne gare ta. A ba ta abinci da safe, bayan ta sha ɗumi na kamar awa ɗaya, sannan a bar wurin. Da yawansu ba sa ci in ana kallonsu. Da yamma a kwashe gyaren da ya rage, don yana cizonta in tana barci.

Tsoro ma yana rufe mata ciki. Wadda aka kawo sabon wuri takan yi kwanaki kafin ta saki jiki, kuma a wannan lokacin a daina ɗaukarta. Ba a haɗa biyu a keji ɗaya, ko hangen juna bai kamata su yi ba, har inuwarta a gilashi tana iya ɗauka abokiyar gaba ce. Keji ya kai santimita 60 faɗi da 120 tsayi, a ɗora shi a sama, a cika tsakiyarsa da ganye yadda za ta ɓuya. Lokacin saɓa kuwa rage ci na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne.

Mace tana da nata lamarin da ba a wasa da shi. Ko ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya ɗaukar ƙwai, musamman mai tozo, wadda kan zuba 20 zuwa 70 a karo ɗaya. In ta daina ci, cikinta ya cika, ta fara saukowa ƙasa tana kai da komo, wurin haƙa take nema. A sa mata bokiti mai yashi ko ƙasa mai danshi, zurfin santimita 20 zuwa 30, danshin da in an haƙa rami ba zai rufta ba. A rufe gefen kejin da zane, kada a leƙa, domin in ta ga mutum takan bar ramin. Wadda ta rasa wurin zuba ƙwai, ko kalsiyam ya yi mata ƙaranci, ƙwan na iya maƙalewa a cikinta, kuma wannan yana kisa.

Akwai alamomin da in an gan su ba a ƙara kwana ana gyare-gyaren keji. Rufe ido da rana na kan gaba, domin hawainiya mai lafiya ba ta barcin rana. Sai kumburin leɓe ko mugunya mai kauri a baki, da majina mai yauƙi, da numfashi mai ƙara tana ɗaga hanci sama, da faɗowa daga reshe, da kumburin gaɓoɓi, da kashi mai ruwa da wari. A kai ta wurin likitan dabbobi da ya san dabbobi masu rarrafe, a tafi da sabon kashinta a cikin leda don a duba tsutsar ciki, musamman in kamo ta aka yi daga daji, tare da hoton kejin da takardar nauyinta. Kada a tsirta mata ruwa ko abinci a baki da sirinji sai likita ya nuna yadda ake yi, saboda ƙofar numfashinta tana nan a ƙasan baki, kuma abin da ya shiga nan huhu yake wucewa. A hanya a sa ta cikin kwali mai duhu da ƴan hudoji, da reshe guda da aka kafe sosai don ta riƙe.