Iyaye mata a dinga duba idon jarirai

Salam 'yan uwa mata. Jiya na je barka nan Gusau, na tarar da jaririya kwana biyar idonta ya kumbura yana fidda ruwa kamar mugunya, kakarta na ta matsa mata nono a ciki wai zai wanke. Don Allah mu daina, in kin ga haka cikin watan farko a kai asibiti ranar, ciwon na iya makantar da yaro cikin 'yan kwanaki. Kwalli ma a haƙura da shi, yawancin na gargajiya akwai dalma a ciki, mu Zamfarawa kuwa mun ga abin da dalma ta yi wa yaran Anka da Bukkuyum a 2010.

Wata uku ya kamata yaro ya riƙa bin fuskarki da ido in kin matsa. In kin ɗauki hotonshi da fitilar waya ki ka ga fari a tsakiyar baƙin ido, ko harara garke ta wuce wata shida, ki tafi asibitin tarayya na Gusau (FMC) wajen likitan ido. Bakwaini kuma a duba idonshi kafin ya cika wata ɗaya. Kar a manta bitamin A a wata 6, allurar ƙyanda a wata 9, su ma suna kare ido.