Yadda na gyara injin jirgin ruwan da na saya a Yauri

Jirgin na hannu ne, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 a bayansa. Mai shi ya ce an sauke injin an sa sabon fistin da ringi, kuma a bakin gaɓa yana tashi bugu ɗaya. Amma da na ɗauki kaya na shiga ruwa, kafin minti 15 sai ya ɗau zafi, ƙarfi ya ragu. Raina ya ɓaci, domin kuɗin da na daɗe ina tarawa ne.

Na fara da fulogi. Na sama ya yi ruwan ƙasa yadda ya kamata, na ƙasa kuwa fes kamar an wanke shi, har da ɗigon ruwa a bakinsa. Nan na gane ruwa na shiga silinda, wato inda fetur ke ƙonewa. Na kwance murfin salansa da ke gefen injin, sai ga tsohon gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin murfin da jikin injin, an shafe shi da gam an mayar. A wurin, tsakanin ruwan sanyaya inji da hanyar hayaƙi, gaskit ɗin nan kaɗai ne shamaki. Na kankare wurin tas, na sa sabo.

Zafin kuma daga famfon ruwa ne. Yashin Neja ya cinye fikafikan robar da ke turo ruwa, shi ya sa ruwan da ke tsartuwa ta bayan injin ya zama ɗis-ɗis. Na canza ta.

Tunda ringin sabo ne, awa 10 na farko na haɗa lita 25 na fetur da lita 1 na man injin, ban kuma ƙure wuta ba. Jiya na kai buhunan shinkafa ƙetare na dawo lafiya.