Gilashin Beykoz na Dā: Kurakuran da Ke Lalata Shi da Gyaransu

Kuskuren farko tun wajen saye ake yin sa. A zamanin Sarkin Turkawa Salim na Uku (1789 zuwa 1807) aka kafa sana'ar ƙera wannan gilashi a Beykoz, gefen Istanbul, amma kamfanin Paşabahçe ya farfaɗo da ita a ƙarni na 20, har yau kuma ana ƙera sababbi. Don kada ka sayi sabo a matsayin tsoho, juya gindin kayan ka duba: tsohon aiki yana da tabon sandar ƙarfen da aka riƙe shi da ita a wuta, da gogewar shekaru a inda yake taɓa tebur. Nau'in farin gilashi mai kamar madara, idan aka ɗaga shi ga haske, yakan nuna ja-ja.

Nau'in Ceshmi Bulbul mai layukan fari da shuɗi ba fenti ba ne. Siraran sandunan gilashi masu launi ake jerawa a cikin mazubi, a hura narkakken gilashi a tsakiyarsu su manne, sannan a murɗa tun da zafi. Layin da farce ya kankare, jabu ne.

Wanki shi ne ya fi yin ɓarna. Kaurin aikin hannu ba ɗaya ba ne, don haka ruwan zafi yana buɗa wani sashe kafin wani, sai ya tsage. Shimfiɗa tawul a cikin roba, zuba ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa biyu, ka wanke ɗaya bayan ɗaya. Zanen ruwan zinare kuwa a saman gilashin yake, siriri ƙwarai. Kada a jiƙa shi, kada soso ya taɓa shi. Auduga mai ɗan laima ta isa. Abin takaici ne ganin zanen da ya haura shekara 150 ya tafi a wanki ɗaya.

Kwalbar yayyafa ruwan wardi tana da dogon wuya, ruwa yakan kwanta a ciki ya bar farin dabbare. A ɗauraye ta da tataccen ruwa, a bar ta a buɗe ta bushe sarai. Ban da kaɗa yashi a ciki.

Idan ya fashe, kada a sa gam mai kamawa nan take, domin cire shi yana ɓarke bakin tsagar. A naɗe kowane ɓari daban a kai wa ƙwararren mai gyara.

A sani kuma, dokar Turkiyya mai lamba 2863 ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar, saboda haka a nemi takardar tantancewa ta gidan tarihi kafin a biya kuɗi.